Da Ogedai Bai Mutu Ba, Ina Dawakan Mongol Za Su Tsaya?

A ranar 9 ga Afrilun 1241 wata rundunar Mongol ta murƙushe mayaƙan Polan da 'yan taimakonsu a kusa da garin Legnica, aka kashe jagoransu Henry na Biyu, basaraken yankin Silesiya, a fagen daga. Kwana 2 kacal bayan haka, a nisan ɗaruruwan kilomita kudu da can, babbar rundunar da Batu, jikan Jengis Khan, da kwamandansa Subutai ke jagoranta ta auka wa sojojin Sarki Bela na Huɗu na Hungari a Mohi, bakin kogin Sajo, ta yi musu kaca-kaca, har sarkin ya sha da ƙyar, ya yi ta gudu bai sami wurin fakewa ba sai a gaɓar tekun Adiriyatik. Da sanyi ya kama, kogin Danub ya daskare, mahayan suka tsallaka ta kan ƙanƙara, kuma tun kafin wannan masu leƙen asirinsu sun riga sun kai kusa da Biyana. A daidai lokacin nan manyan Turai ba su da lokacin kowa sai na junansu. Sarkin sarakuna Frederick na Biyu yana yaƙi da Fafaroma Gregory na Tara, Fafaroman ya mutu a watan Agusta na wannan shekarar, wanda ya gaje shi bai cika sati 3 ba shi ma ya bi shi, kujerar kuma ta zauna babu kowa har tsakiyar 1243.

Sai ga shi a farkon bazarar 1242 Mongol sun tattara komatsansu sun juya gabas, ba tare da wani ya kore su ba. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa babban sarkinsu Ogedai, ɗan Jengis Khan, ya mutu a ranar 11 ga Disambar 1241 bayan wata shaye-shaye da ya yi, don haka dole 'ya'yan sarauta su koma gida zaɓen magaji. Daga wannan bayani ne masu sha'awar hasashen tarihi suke ɗaukar alƙalami su shafa wa taswira launi ɗaya tun daga Koriya har tekun Atlantika, suna cewa da mutumin nan ya rage giya ya ƙara shekara 10, da Paris da Roma sun zama garuruwan Mongol. Na daɗe ina jin wannan magana, kuma duk lokacin da na ji ta sai in ga an yi wa tambayar sauƙin da ba ta da shi.

Na san akwai masu ƙyamar kalmar “da”, suna kafa hujja da hadisin da ya ce tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan. Abin da aka hana a can shi ne cizon yatsa a kan ƙaddarar da ta riga ta wuce. Abin da nake yi a nan awo ne: idan aka cire dalili ɗaya daga cikin dalilan da suka haifar da wani al'amari, sai a duba ko sauran za su iya riƙe shi. Sharaɗin da na ɗora wa kaina shi ne in sauya abu ɗaya tak, wato mutuwar mutum ko sakamakon yaƙi guda, in bar ƙasa da ruwa da ciyawa da halin mutane yadda suke. Wanda ya ba kansa izinin sauya komai ba hasashe yake yi ba, tatsuniya yake bayarwa.

Mu fara da ita kanta mutuwar Ogedai. Tsakanin Karakorum, fadar Mongol, da Hungari akwai kusan kilomita 6,000 a miƙe, kuma a tsakiyar hunturu aka yi rasuwar. Mongol suna da tsarin aike mai ban mamaki da suke kira yam, zango bayan zango, kowanne da dawakan canji da guzuri, saboda haka ba abin mamaki ba ne labari ya isa cikin wata 3. To amma me Batu ya yi bayan ya juya? Bai nufi Mongoliya ba. Ya bi ta Bulgeriya a hankali, ya yada zango a ƙasan kogin Bolga, inda daga baya ya kafa birnin Sarai. Taron zaɓen ma ba a yi shi ba sai a 1246, bayan matar marigayin, Toregene, ta riƙe mulki shekaru, kuma ko a lokacin Batu bai je ba, ya kawo uzurin rashin lafiya ya tura 'yan'uwansa. Mutumin da ake cewa ya bar cin Turai don ya yi sauri zuwa zaɓe, shekara 4 aka yi ana jiransa bai taka ƙafa ba. Mutuwar ta yi tasiri, domin Batu ya san abokin gabarsa Guyuk, ɗan Ogedai, na iya hawa gadon, kuma ba zai so hakan ta same shi yana can ƙarshen duniya ba. Sai dai ita kaɗai ba ta isa ta zama amsa ba.

Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne, mene ne rundunar Mongol? Ba sojoji ba ne da ake ɗebo musu hatsi daga rumbun gwamnati a kai musu bakin daga. Al'umma ce ta makiyaya da ta tashi gaba ɗayanta. An tsara ta goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu, har zuwa rukunin 10,000 da suke kira tumen, kuma kowane mayaƙi yana tafe da dawakai kamar 3 zuwa 5, yana sauya su don kada su gaji, yana shan nonon goɗiya, in ta yi tsanani ya yanka ɗaya. Bayan su ga garken tumaki da iyalai. Wannan ne sirrin saurinsu, domin abincinsu da ƙafarsa yake tafiya. Shi ne kuma dabaibayinsu, domin dokin Mongol ba a saba ɗaure shi a turke a zuba masa hatsi ba, kiwo yake yi. Inda ciyawa ta ƙare, nan ƙarfin rundunar yake fara zagwanyewa.

Wanda ya dubi taswirar ciyayi ta duniya zai ga wani dogon fili na ciyawa da ya taso daga Manchuriya, ya ratsa Mongoliya da Kazakistan, ya bi ta arewacin tekun Kasfiyan da Baƙin Teku, ya zo ya ƙare a filin Hungari, bayan an tsallake tsaunukan Karpat. Daga nan zuwa yamma sai dazuzzuka da gonaki da koguna da tsaunuka. Masanin tarihi Denis Sinor ya taɓa lissafa cewa filin kiwon Hungari zai iya ɗaukar dawakai 400,000 da 'yan kai, wato in kowane mayaƙi yana da 5, mayaƙa kimanin 83,000 ke nan, kuma wannan in ba a bar wa saniya ko tunkiya ko ɗaya wurin kiwo ba. Wasu masana sun yi masa gardama a kan alƙaluman, suna ganin ya rage wa ƙasar albarka. Ni abin da ya fi gamsar da ni tarihin waɗanda suka riga Mongol zuwa ne. Mutanen Hun a ƙarƙashin Atila a nan suka kafa sansani, suka kai hari har cikin Faransa a 451, suka dawo. Mutanen Abar a nan suka zauna fiye da shekara 200. Su kansu Magyar, kakannin mutanen Hungari, daga nan suka riƙa kai farmaki Italiya da Jamus da Faransa, a 942 har suka taɓa arewacin Andalus, kafin Otto na Ɗaya ya karya su a Lechfeld a 955. Al'umma uku na mahaya, ɗaruruwan shekaru tsakaninsu, duk sun kai hari nesa, kuma babu wadda ta iya zama yamma da wannan fili. Da wuya a ce dacewa ce kawai.

Akwai kuma abin da Batu ya gani da idonsa a watannin ƙarshe. Binciken da Ulf Buntgen da Nicola Di Cosmo suka wallafa a 2016, wanda ya dogara da zoben cikin itatuwa, ya nuna cewa hunturun 1241 zuwa 1242 ya zo da sanyi da dusar ƙanƙara mai yawa, da ta narke kuma filin ya koma fadama da taɓo, abin da ke hana doki gudu, ya kuma ɓata kiwo. Sa'an nan ga ganuwar dutse. A Esztergom sun ci garin amma kagarar da ke kan tudu ta gagare su, Szekesfehervar da fadamu suka kewaye ta tsira, haka gidan ibadar Pannonhalma. Sarki Bela ya ɗauki darasi, da ya dawo sai ya cika ƙasar da kagarun dutse. Da Mongol suka sake shigowa a 1285 ƙarƙashin Nogai da Talabuga, sun tarar da wata Hungari dabam, suka koma da asara mai yawa, yunwa da sanyin tsaunuka suka cinye da yawa daga cikinsu.

Mai gardama zai ce, to Sin fa? Tambayar tana da ƙarfi, kuma ita ce ta hana ni in rufe magana da cewa ciyawa ce iyaka. Kudancin Sin, inda daular Song take, ƙasar shinkafa ce da koguna da tafkuna da zafi da birane masu ganuwar da ta fi ta kowane gari a Turai kauri. Babu wurin da ya fi shi rashin dacewa da doki, amma Mongol sun ci shi kaf. Sai dai a dubi yadda aka yi. Yaƙi da daular Jin ta arewa ya ɗauki daga 1211 zuwa 1234. Yaƙi da Song ya fara a 1235, bai ƙare ba sai a 1279, shekara 44, sarakuna suna mutuwa wasu suna ɗorawa, har babban sarki Monke ya rasa ransa a 1259 yana kewaye da kagarar Diaoyu a Sichuwan. Birnin Shiyangyang kaɗai, a bakin kogin Han, ya riƙe su daga 1268 zuwa 1273, kuma ba su karya shi ba sai da aka aiko musu da injiniyoyi Musulmi, Isma'il da Ala'uddin, daga yankin Farisa, suka ƙera musu manyan majaujawan jifa da duwatsu. Mafi yawan waɗanda suka yi wannan yaƙi dakaru ne 'yan arewacin Sin, jiragen ruwan kuma wani kwamandan Song da ya sauya sheƙa, Liu Zheng, shi ya ba da shawarar a gina su. A taƙaice, Kublai, ƙanen Monke da ya gaje shi, ya ci Sin da hannun mutanen Sin, da hatsin Sin, da harajin Sin.

Wannan yana nuna cewa Mongol suna iya wuce iyakar ciyawa, amma da sharuɗɗa masu tsada: ƙasar ta kasance maƙwabciyar gidansu, su fara mallakar wani yanki nata mai yawan jama'a da zai ciyar da yaƙin, dukiyarta ta kai a yi haƙurin shekara 40 saboda ita, kuma babban sarki da kansa ya sa abin a gaba. Ana ba da labarin cewa wasu manyan Mongol sun taɓa ba da shawarar a share manoman arewacin Sin a mayar da ƙasar wurin kiwo, sai mashawarci Yelu Chucai ya lissafa wa Ogedai azurfa da alharini da hatsin da haraji zai kawo duk shekara, aka fasa. Wane lissafi irin wannan za a yi wa Jamus ta 1241, ƙasar da ba ta da fada guda da za a kama a ce an gama, sai ɗaruruwan ƙananan sarakuna kowa a cikin kagararsa? Rarrabuwar da ta hana Turawa haɗa runduna ita ce kuma za ta sa cin su ya zama aikin tsince ƙwayar gero a cikin yashi. Ga kuma nisa. Jakadan Fafaroma, Giovanni da Pian del Carpine, ya bar sansanin Batu a bakin Bolga a Afrilun 1246, yana sauya dawakai sau da yawa a yini, bai isa fadar Guyuk ba sai bayan kwana 106. Ƙarin sojoji da kayan yaƙi ba za su yi ko rabin wannan sauri ba.

Saboda haka, in na ba Ogedai shekara 10, ga abin da nake gani. Batu zai iya janyewa zuwa gabashin tsaunuka ya huta, ya dawo a 1243 ko 1244, ya mayar da filin Hungari wurin kiwon wani reshe na gidansa. Daga nan hare-hare za su kai Ostiriya da Bohemiya da kwarin kogin Po a arewacin Italiya, kuma ban ga rundunar Turai ta wannan zamani da za ta tare Subutai a buɗaɗɗen fili ba. Abin da zai biyo baya shi ne irin abin da ya sami Rasha. Mongol ba su zauna cikin dazuzzukan Rasha ba, suna can Sarai, sarakunan Rasha ne ke zuwa su faɗi a ba su takardar naɗi, su koma su tara haraji. Birnin Novgorod ko sau ɗaya Mongol ba su ci shi da yaƙi ba, amma zuwa 1259 ya yarda an ƙidaya mutanensa don biyan haraji, Alexander Nevsky da kansa ya tilasta musu. Wannan ce hanyar da daula irin ta Mongol take miƙa hannu fiye da inda dokinta zai iya kiwo. Polan da Bohemiya da Ostiriya da ƙasashen Balkan duk suna iya shiga wannan sahu, kuma Bulgeriya ma ta shiga a zahiri. Kogin Rhine kuwa ina ganin mahaya za su iya shan ruwansa su dawo, amma ba za a naɗa hakimin Mongol a bakinsa ba. Faransa da Ingila da Sifen ba na sa su cikin lissafi ko kaɗan.

Ɓangaren da ya fi ɗaukar hankalina shi ne Sham da Masar, domin a nan ne amsar ta fi wuyar yankewa. Hulaku, ƙanen Monke, ya rushe kagarar Alamut a 1256, ya ci Bagadaza a Fabrairun 1258 ya kashe Halifa Musta'asim, ya ci Halab a Janairun 1260, Dimashƙu ta miƙa wuya a watan Maris. Sai ya janye mafi yawan rundunarsa zuwa Azarbaijan, ya bar kwamandansa Kitbuga da abin da bai wuce tumen 1 ko 2 ba. A ranar 3 ga Satumbar 1260, daidai da 25 ga Ramadan 658, Sarki Ƙuɗuz da Baibars, shugabannin Mamluk, wato bayin da aka mayar sojoji har suka karɓi mulkin Masar, suka same su a Ainu Jalut suka karya su. A nan ma mutuwar sarki ake kawowa a matsayin dalilin janyewar Hulaku, wato ta Monke. Amma a wasiƙar da Hulaku ya aika wa Sarki Louis na Tara na Faransa a 1262, dalilin da ya bayar shi ne abinci da ciyawa sun ƙare, kuma al'adarsu ce su hau wurare masu sanyi in zafi ya shigo. Abin da ya biyo baya ya gaskata shi. Sun dawo a 1281 aka ci su a Hims. Gazan, sarkin gidan Hulaku, ya zo a ƙarshen 1299, ya yi nasara a Wadil Khazandar, ya shiga Dimashƙu, amma cikin 'yan watanni ya fice ba tare da an kore shi ba. A 1303 aka sake karya su a Shaƙhab, yaƙin da Ibn Taimiyya ya halarta. Mamluk sun gane lagon abokan gabarsu, har sukan cinna wa ciyawar kan iyaka wuta. Abin ban mamaki kuma shi ne da yawa daga Mamluk ɗin nan, har da Baibars, 'ya'yan makiyayan Kifcak ne da hare-haren Mongol suka jefa kasuwar bayi, aka sayar da su Masar, aka horar da su suka zama ƙwararrun mahaya da maharba. Mongol da hannunsu suka tura wa Masar waɗanda za su tare su.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce Hulaku ya nufi Alƙahira da mayaƙa 60,000, kowanne da dawakai 5, dawakai 300,000 ke nan. In kowane doki ya sha lita 20 a yini, ana bukatar lita miliyan 6 kullum, a hanyar da ta ratsa hamadar Sina'i daga Gaza, inda ruwan rijiyoyi ne jefi-jefi. Ba abu ne da ba ya yiwuwa ba, domin Sarki Salim na Ɗaya na Usmaniyya ya tsallaka wannan hamada a Janairun 1517 ya ci Alƙahira, sai dai shi da igwa da raƙuman dakon ruwa ya zo, ba da garken dawakai ba. Taimur kuwa, wanda rundunarsa ta fi kama da ta Mongol, ya ci Dimashƙu a 1401 ya juya bai nufi Masar ba. Hukuncina shi ne, da Monke bai mutu ba, kuma Hulaku ya zo da cikakken ƙarfinsa a cikin sanyi, yana da dama ta gaske ya ci Alƙahira, domin mulkin Mamluk bai wuce shekara 10 da kafuwa ba, manyansu kuma suna cin dunduniyar juna, har Baibars ya kashe Ƙuɗuz makonni kaɗan bayan nasarar. Riƙe ta ne ban yarda zai daɗe ba, sai dai ta hannun wani sarki mai biyan haraji. Ko da na ɗan lokaci ne, tasirin zai yi nisa. Alƙahira ce ta karɓi malaman da suka gudo daga Iraƙi da Sham, a can aka farfaɗo da halifancin Abbasiyawa a 1261, ita ce kuma mashigar alhazan da ke fitowa daga yammacin Afirka, har mutanen Kanem sun riga sun gina makarantarsu a can tun wajajen 1240 da wani abu. Yamma da Masar kuwa, hamadar Libiya ta isa ta zama katanga.

Indiya ba ta bukatar dogon bayani. Jengis Khan da kansa ya kori Jalaluddin, sarkin Khwarazm, har bakin kogin Indus a 1221, ya tsaya bai shiga ba. An ci Lahore a 1241, kuma a zamanin Ala'uddin Khalji, sarkin Delhi, mahayan gidan Cagatai ɗan Jengis Khan sun kai ƙofar Delhi a 1299 da 1303, duk aka mayar da su. Zafin ƙasar yana kashe dokin da ya saba da sanyi, kamar yadda tsando ya hana mahayan Ilori kutsawa kurmin Yarbawa, har Ibadan ta tare su a Osogbo wajajen 1840. Punjab da Sind suna iya zama nasu dindindin in daular gaba ɗaya ta sa hannu, maimakon reshe ɗaya. Abin da ya wuce nan sai an bi hanyar Babur, jinin Taimur ta wajen uba kuma jinin Jengis ta wajen uwa, wanda ya zauna Kabul tun 1504, ya zo da bindiga ya ci Panipat a 1526, kuma ko shi sai da ya sha fama da manyan mayaƙansa da suka so komawa saboda zafi.

Teku kuwa a nan ne na fi saɓa wa masu hasashe. Kullum ana cewa guguwa ce ta ceci Japan a 1281. Guguwar ta zo a watan Agusta ta farfasa jiragen, amma kafin ta zo maharan sun shafe makonni sun kasa kafa ƙafa a gaɓar Hakata, saboda katangar dutse ta kusan kilomita 20 da aka gina bayan harin 1274. Ko sun sauka, tsibirai ne masu tsaunuka cike da mayaƙa, kuma kowane buhun abinci sai ya tsallako teku a jiragen da Koriyawa da mutanen Sin da aka ci da yaƙi suka gina ba da son ransu ba. A Biyetnam an shiga sau 3, aka ƙare da halakar jiragensu a kogin Bach Dang a 1288, inda aka kafa musu turaku a ƙarƙashin ruwa. A Jawa a 1293 Raden Wijaya ya yi amfani da su ya kawar da abokin hamayyarsa, sa'an nan ya juya ya kore su. Ban ga mutuwar wani sarki ko tsawon ransa da zai sauya waɗannan ba.

In aka haɗa, taswirar da nake iya karewa ita ce daular da ta riga ta kai kusan murabba'in kilomita miliyan 24, a ƙara mata filin Hungari da Sham da Punjab a matsayin ƙasar da take mulka kai tsaye, sa'an nan a kewaye ta da masu biyan haraji daga Polan da Bohemiya zuwa Balkan da Kustantiniyya, wataƙila har da Masar da Hijaz na tsawon zamani ɗaya. Ƙari ne babba a idon wanda abin zai shafa, amma a kan taswira ɗan gefe ne aka faɗaɗa.

Ko wannan ɗin ma yana rataye ne a kan sharaɗin da ya fi kowanne rauni, wato zuriyar Jengis Khan su ci gaba da tura sojojinsu yaƙi ɗaya. Yaƙin yamma na 1236 zuwa 1242 ya yiwu ne domin gidajen 'ya'yansa 4, Joci da Cagatai da Ogedai da Tolui, kowanne ya ba da mayaƙa da 'ya'yan sarauta. Tun ana cikin tafiyar Guyuk da Buri suka ci mutuncin Batu a wurin wata liyafa a kan wanda ya kamata ya fara sha, kuma a ƙarƙashin wannan akwai tsohuwar maganar da ake yi cewa Joci, uban Batu, ba ɗan Jengis ba ne na jini. Guyuk, wanda aka naɗa a 1246, ya mutu a 1248 yana tafe yamma da runduna, mutane da yawa suna ganin Batu ya nufa. Da Batu ya ɗora Monke ɗan Tolui a 1251, an kashe da yawa daga gidajen Ogedai da Cagatai. A 1260 Kublai da ƙanensa Arik Boke kowa ya naɗa kansa, suka yi shekara 4 suna yaƙi, Kaidu jikan Ogedai kuma ya ci gaba da faɗa da gidan Kublai har 1301. Ba su da ƙa'idar gado tsayayya, kowane jika yana ganin yana da haƙƙi, kuma duk faɗin da ƙasar ta ƙara, sai kowane reshe ya ƙara samun abin da zai rayu da shi ba tare da Karakorum ba. Ƙara wa Ogedai shekara 10 jinkirta wannan kawai zai yi, domin Batu da Guyuk suna nan suna jiran juna.

Berke, ƙanen Batu, wanda ya musulunta, ya yi fushi da abin da Hulaku ya yi wa Bagadaza da halifanta, amma abin da suka zare takobi a kansa a 1262 shi ne filayen kiwon Azarbaijan da Arran, inda dawakai ke samun ciyawa a lokacin sanyi, waɗanda gidan Joci ke ganin rabonsu ne aka ƙwace. A farkon 1263 sojojin Berke suka fatattaki na Hulaku a bakin kogin Terek, masu gudu suka hau kan ƙanƙarar kogin, ta fashe da su, da yawa suka nutse. A wannan lokaci jakadu suna kai da komowa tsakanin Berke da Baibars a Alƙahira, kuma Hulaku, wanda shekara 2 da 'yan watanni kafin nan ake jiran ya dawo ya rama Ainu Jalut, ya mutu a 1265 bai sake taka ƙasar Sham ba.